Hawayen Tita a cikin kek: tatsuniya ce?

'Yar'uwa, kin tambaya ko littafin Laura Esquivel na 1989, Como agua para chocolate, tatsuniya ce, tunda hawayen Tita, jarumar labarin, sun zuba a kwaɓin kek ɗin biki, baƙi suka ci suka kama kuka da amai.

A'a. Marubuciyar, 'yar Meziko, ta kawo abin al'ajabin kamar abin yau da kullum. Tita auta ce, al'adar gidansu ta hana ta aure don ta kula da uwarta, masoyinta Pedro kuma ya auri yayarta; kek ɗin bikinsu ne ta yi kuka a ciki. An rufe mata baki, sai girkinta ya yi magana. Nan ya fi taɓa ni.

Kada ki ɗora abin a kan aljanu ko asiri, kuskuren masu karatu da yawa ke nan. Dubi tsarin littafin: babi 12, kowanne da watansa da girkinsa. In aikin jami'a ne, nuna wa malamin adabinki fassarar da ke hannunki, domin da Sifaniyanci aka rubuta shi.