Tambayi Likita: Toshe Kumburin Jijiyar Ƙwaƙwalwa Ba Tare da Buɗe Kai Ba

Wasiƙun wannan fitowa sun taru ne a kan kumburin jijiyar jini ta ƙwaƙwalwa, wanda likitoci ke kira aniyurizim. Likitocin jijiyoyi da ke kula da wannan fili ne suka amsa.

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyarmu shekararta 58, tana da hawan jini. An yi mata hoton kai saboda jiri, sai aka ga kumburi mai faɗin milimita 9 a wata jijiya. An ce za a iya toshe shi ta cinya. Yaya ake yin haka, kuma ya fi tiyatar buɗe kai aminci? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Bangon jijiya ne ya yi rauni a wuri guda, jini ya yi ta bugunsa har ya tusgo waje, kamar yadda tiyub ɗin taya ke tusgowa inda ya yi laushi. Kimanin mutum 3 cikin manya 100 na ɗauke da irinsa, kuma a yawancinsu ba ya fashewa har ƙarshen rayuwa. Kumburin yana da ciki, yana kuma da wuya inda ya haɗu da jijiyar, faɗin wuyan nan kuwa shi ne ke nuna irin aikin da ya dace.

Ana sa majiyyaci barci. Likita ya huda jijiyar gindin cinya ko ta wuyan hannu, ya zura siririn bututu har jijiyoyin wuya yana kallon tafiyarsa a allon hoto. Ta cikinsa ake tura wani ƙarami, kaurinsa bai kai milimita 1 ba, har bakinsa ya shiga kumburin. Ana ɗura ruwan rini domin jijiyoyi su fito a hoto, a kuma ba da hefarin kada jini ya daskare a jikin bututun. Daga nan sai a fara tura zaren ƙarfen filatinam mai laushi wanda ke nannaɗewa da kansa. Na farko ya kewaye bango, na baya su cike tsakiya. Kowane zare a manne yake da wayar da ke tura shi, ba a sakinsa sai an ga ya zauna daidai. In bai zauna ba a janye shi a sake. Wannan dabara ta Guido Guglielmi ce, likita ɗan Italiya da ya yi aiki a Amurka. An fara yi wa mutum ita a 1990, hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 1995. Zaren kan cike kashi 20 zuwa 30 cikin 100 ne kawai na cikin kumburin. Ragowar gurbin jini ne ke daskarewa a tsakankaninsa ya rufe.

Batun aminci, babbar hujja ita ce binciken ISAT da aka buga a 2002, a kan mutum 2,143 waɗanda kumburinsu ya riga ya fashe. Bayan shekara guda, waɗanda suka rasu ko suka kasa ɗaukar nauyin kansu sun kai kashi 23.7 a cikin waɗanda aka sa wa zare, kashi 30.6 a cikin waɗanda aka buɗe wa kai aka matse wuyan kumburin da maƙalli. Tun daga lokacin aikin bututu ya samu rinjaye. Sai dai a lura, na Hajiya bai fashe ba, don haka lissafinta daban ne. A binciken ATENA na 2008, wanda ya bi mutum 649 masu kumburin da bai fashe ba, gudan jini ya ɓullo a kusan kashi 7 na ayyukan, kumburi ya fashe ana tsakar aiki a kashi 2.6. Da yawa daga cikin waɗannan an shawo kansu nan take: a narkar da gudan, ko a ba da maganin furotamin ya karya ƙarfin hefarin a ci gaba da cusa zare har jinin ya tsaya. Duk da haka, bayan wata guda kashi 1.7 sun samu naƙasa, kashi 1.4 sun rasu. Ramin allura ƙarami ne, amma aikin a cikin ƙwaƙwalwa ake yinsa.

Tiyatar maƙalli, wadda Walter Dandy ya fara a 1937, har yanzu tana nan da ranta. Ta fi ɗorewa, kuma sau da yawa ita ake zaɓa in kumburin yana kan jijiyar tsakiya ta gefen kai, inda rassa ke fita daga wuyansa. Wanda ke can ƙasan ƙwaƙwalwa ta baya kuwa, bututu ya fi isa gare shi cikin sauƙi. Ku tambayi likitanta: a wace jijiya yake, milimita nawa ne wuyansa, za a bar ragar ƙarfe mai tare zaren a jijiyar ko zare kaɗai, kuma irin wannan aiki nawa asibitin ke yi a shekara? Ya fi kyau a ce masu tiyata da masu bututu sun duba hoton tare.

Tambaya: Likita, ni nawa milimita 4 ne, amma aka ce in koma gida a riƙa dubawa. Ba sakaci ba ne? Daga wata mai karatu.

Amsa: Baiwar Allah, a mafi yawan lokaci shawara ce mai kyau. Binciken ISUIA na 2003 ya nuna kumburin da bai kai milimita 7 ba, a jijiyoyin gaba, ga wanda bai taɓa samun fashewa ba, da ƙyar yake fashewa cikin shekara biyar. Daga milimita 7 zuwa 12 haɗarin kashi 2.6 ne, daga 25 zuwa sama kashi 40. A jijiyoyin baya alƙaluman sun fi haka. Ki auna wannan da haɗarin aikin da muka kawo a sama. Abin da ke sauya shawara shi ne in ya ƙaru tsakanin hoto da hoto, ko ya fitar da wani ɗan ƙullutu a jikinsa, ko kuma akwai mutum biyu a iyaye, 'yan'uwa ko 'ya'ya da suka yi ciwon. Naki aikin shi ne shawo kan hawan jini da nisantar taba sigari. In kika ji ciwon kai ya faɗo miki lokaci guda irin wanda ba ki taɓa ji ba, da amai ko sanƙarewar wuya, ko fatar ido ɗaya ta sauko kina ganin abu bibbiyu, sai asibiti a wannan sa'a.

Tambaya: An sa wa yayana raga a jijiyar kai wata biyu da suka wuce. Yanzu zai cire haƙori, an ce ya dakatar da magungunan tsinka jini. Ya dakatar? Daga wani mai karatu.

Amsa: A'a, kada ya tsallake ko ƙwaya ɗaya sai likitan da ya sa ragar ya ce. Tsallake maganin shi ne hanya mafi sauƙi da aiki mai kyau ke komawa shanyewar ɓarin jiki.

Ga dalili. In wuyan kumburi ya kai milimita 4, ko faɗin cikin bai ninka na wuyan ba, zare kan zubo cikin jijiya. Sai a tare shi da ɗan balan-balan da ake hurawa lokacin aiki a cire, ko a bar raga a jijiyar ta zama shinge. Akwai kuma raga mai saƙa matsattsiya, irin su Pipeline da aka amince da ita a Amurka a 2011, wadda ake shimfiɗawa a jijiyar ta gitta bakin kumburin. Ita ba ta shiga ciki. Karkatar da jini take yi, na cikin kumburin ya lafa ya daskare, sabuwar fata ta jijiya ta tsiro ta lulluɓe ragar. Wannan yana cin watanni. A binciken da aka yi kan manyan kumburi, kusan kashi 74 sun rufe ruf a wata shida, kashi 87 a shekara, kashi 95 a shekara biyar, yayin da kashi 5.6 suka samu babbar shanyewar jiki ko rasuwa.

Kafin fatar nan ta gama tsirowa, ƙarfe ne tsirara a cikin jini, ƙwayoyin daskarar da jini kuwa suna son manne masa. Shi ya sa ake haɗa asfirin da kulofidogirel, a fara kwanaki kafin aiki, a ci gaba wata uku zuwa shida ko fiye, sannan a bar asfirin kaɗai. Jikin wasu ba ya amsar kulofidogirel yadda ya kamata, sai a gwada jini a sauya musu wani. In haƙorin zai iya jira, ya jira. In ba zai jira ba, likitan haƙori na iya cire shi ana kan magani, ya ɗinke wurin ya danne. Baƙin bayan gida ko haɓo mai yawa kuwa a kai rahotonsu da gaggawa.

Saboda wannan nauyin magani ne aka ƙera WEB, wata 'yar ƙwallo ta saƙar waya da ake buɗewa a cikin kumburin kansa, musamman mai faɗin wuya a mararrabar jijiyoyi. An amince da ita a Amurka a ƙarshen 2018. Ba ta barin ƙarfe a hanyar jini, don haka ba a cika buƙatar magani biyu na dogon lokaci ba. A binciken mutum 150, mutum ɗaya ne ya samu babbar matsala, amma rufewa ruf a shekara guda kashi 54 ne kawai, rufewa mai gamsarwa kusan kashi 85.

Tambaya: Likita, kumburin maigidana ya fashe, aka sa masa zare washegari, amma sai da ya yi sama da mako biyu a asibiti. Yanzu bayan wata shida an ce wuyan ya sake buɗewa. Aikin farko bai yi ba ke nan? Daga wata mai karatu.

Amsa: Sannu da jinya, Allah ya ƙara sauƙi. Aikin farko ya yi abin da aka nema, wato hana fashewa ta biyu, wadda haɗarinta ya fi yawa a sa'o'i 24 na farko. Doguwar kwanciyar kuwa jinin da ya riga ya zuba ne ya jawo ta. Yana sa jijiyoyi su tsuke tsakanin kwana na 4 da na 14, shi ya sa ake ba da maganin nimodifin miligiram 60 duk bayan awa huɗu har kwana 21. Yana kuma iya toshe magudanar ruwan ƙwaƙwalwa har a sa bututun zuƙe shi.

Sake buɗewa shi ne raunin zare. Bugun jini yana danna shi ciki a hankali, gurbi ya fito a wuya. Wajen kumburi 1 cikin 5 na yin haka, 1 cikin 10 ake sake yi wa aiki. An fi ganinsa a manyan kumburi, da masu faɗin wuya, da waɗanda suka fashe, da masu shan taba. Ɗan guntun wuya da bai ƙaruwa sau da yawa kallonsa ake yi. In jini na shiga cikin kumburin, sai a ƙara zare, ko a sa raga, ko maƙalli. Kada ya bar hoton bibiya don yana jin garau, domin buɗewar ba ta ba da alama. Zaren filatinam ba ya hana hoton MRI, amma ya riƙa tafiya da takardar da ke ɗauke da sunan abin da aka sa masa da ranar aikin, ya nuna wa masu hoto kafin ya shiga na'ura.