Waƙar da aka gina kan yanken tsohon kiɗa

Ka ce ka yanko daƙiƙa biyar daga wata tsohuwar waƙa, abin da 'yan sitidiyo ke kira sampul, ka ɗora ganga da murya a kai amma ya ƙi zama, kuma kana son sakin waƙar mako mai zuwa. To, ɗana, bi a hankali.

Ƙin zaman nan yawanci daga gudu yake. Kiɗan da, da hannu aka kaɗa shi: makaɗi yakan ɗan yi sauri a amshi, ya lafa a baiti. Gangarka kuwa ta kwamfuta ce, ba ta gocewa. Saboda haka kada ka ja yanken gaba ɗaya. Datsa shi bugu-bugu, ka ajiye kowanne a gurbinsa, ka sassauta bakin kowace datsa kaɗan, in ba haka ba za ka riƙa jin "ƙas" duk inda ka yanka. Idan asalin yana bugu 90 a minti kana son 95, manhaja za ta ja shi ba a gane ba. Ka kai shi 110, sai muryar ta koma kamar ana magana cikin ruwa. Gara ka ɗaga amon tare da gudun: rabin mataki ɗaya, wato daga maɓallin fiyano zuwa na kusa da shi, yana ƙara gudu kusan kashi 6 cikin ɗari.

Duba kuma ko amonsa ya yi daidai da na fiyanonka, don tsohon tef ba kullum yake juyawa daidai ba. Sai ka tace duk abin da ke ƙasa da 150 Hz a ma'aunin amo daga yanken, wato sautin ƙasa mai kauri da ake kira bes. Bes biyu ba sa zama wuri ɗaya. Naka da na tsohon faifan za su cakuɗe, waƙar ta yi dum-dum. Ka gwada a lasifikar waya, a nan akasarin mutane za su fara jin ta.

Maganar saki ita ce babba. Masu haƙƙi biyu ne: kamfanin da ya mallaki faifan da aka naɗa, da marubutan waƙar ko kamfanin da ke riƙe musu haƙƙi. Kowanne sai ya ba ka izini a rubuce, yawanci da kuɗin hannu da kuma kaso. Zancen wai ƙasa da daƙiƙa kaza babu laifi, zancen bakin titi ne. Kuma tun kafin saki ake nema, don in waƙa ta riga ta karɓu, wuƙa da nama na hannunsu. Ƙungiyar The Verve ta Ingila ta gani a 1997: sun ɗauko yanke daga wani kiɗan da aka gina kan waƙar Rolling Stones, waƙarsu ta zagaye duniya, amma kuɗin rubutun ya tafi wani aljihu. Sai a 2019 aka mayar wa mawaƙin ƙungiyar, Richard Ashcroft, haƙƙinsa. Ko ba a kai kotu ba, YouTube na da na'urar da ke gane yanke, ta karkatar da kuɗin ko ta toshe waƙar.

In kamfanin faifan ya tsawwala, ɗauko makaɗa su sake kaɗa wurin. Ka huta da kamfanin, amma marubuta na nan da kasonsu.

Karɓuwa kuma, yanken ne ke jawo kunne, don haka fito da shi da wuri. Spotify ba ya ƙirga saurare sai an kai daƙiƙa 30. Manya za su tuna da, yara su ɗauka sabo ne. Amma kashe layin yanken ka saurari abin da ya rage. In babu amshin da mutum zai iya rerawa, koma ka rubuta, don za a ce ta asalin ta fi, kuma da gaskiyarsu.