Filin Likitan Dabbobi: Wane Abinci Ya Dace da Ɗan Kwikwiyo Mai Tasowa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni mazaunin Hotoro ne a nan birnin Kano. Saboda yawan haurowar ɓarayi a layinmu na sayi ɗan kwikwiyo irin na Jamus, wanda ake kira Jaman Shefad, domin gadin gida, yanzu watansa uku. Wanda ya sayar mini ya ce nama zalla da madara zan riƙa ba shi, wani abokina kuma ya ce in sayi abincin buhu. Da na shiga kanti a Sabon Gari sai na tarar da shi iri-iri, farashi ya yi nisa da juna, na rasa wanda zan ɗauka. A yanzu ragowar tuwo da miya da tarkacen nama nake zuba masa, kuma na lura ƙafafunsa na gaba sun fara lanƙwashewa. Ina neman shawara.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da ƙafafun zan fara, domin su ne ba sa jira. Ka kai shi asibitin dabbobi cikin makon nan, ko na gwamnati da ke Gwale ko wani mai zaman kansa, likita ya taɓa shi da hannunsa, saboda lanƙwashewar ƙafa a wata uku takan miƙe idan an gyara abinci da wuri, amma idan ƙashi ya riga ya ƙosa a karkace, to sai dai a zauna da kare a haka har tsufansa.

Abin da na fi zato, bisa bayaninka, shi ne ƙashinsa ba ya samun isasshen kalsiyam, wato sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Mutane da yawa suna ganin tunda kare maciyin nama ne, to tsoka ita ce ƙarshen gata. Tsoka kuwa tana da sinadarin fosfaras mai yawa, kalsiyam ɗinta kaɗan ne ƙwarai, alhali jikin kwikwiyo yana bukatar su biyun kusan kai da kai, kalsiyam ya ɗan ɗara. Idan fosfaras ya rinjaya, jiki yakan koma ya riƙa zaro kalsiyam daga ƙasusuwa don ya cike gurbin da ke cikin jini, sai ƙashi ya yi laushi, ƙafa ta kasa ɗaukar nauyin gangar jiki, wani lokaci ma ɗan tsalle kaɗan ya jawo karaya. Dila da kyarkeci ba sa gamuwa da wannan matsala, domin su sukan cinye abin da suka kama har da ƙashi da kayan ciki. Tuwo kuma cika ciki yake yi ya ba da ƙarfi, amma abin gina ƙashi da tsoka da ke cikinsa bai kai ko kusa da bukatar dabbar da nauyinta ke ninkawa cikin 'yan makonni ba. Saboda haka shawarar mai sayarwa ka ajiye ta gefe, kuma cikin shawarwarin biyu ta abokinka ta fi kusa da daidai, muddin ka san yadda ake zaɓen buhun.

Hoton karen da ke gaban buhu ba ya gaya maka komai, bayan buhun za ka juya. Abu na farko, ka tabbata an rubuta cewa an haɗa shi ne don 'yan kwikwiyo masu girma, kuma cikakken abinci ne da ya wadatar shi kaɗai, ba abin marmari ko na ƙari ba. Buhunan da ake shigowa da su sau da yawa suna ɗauke da shaidar cewa sun cika ma'aunin AAFCO, wata ƙungiyar jami'an kula da abincin dabbobi ta Amurka, kuma ma'auninta kamfanoni da yawa ke bi. A wurinta, abincin kwikwiyo bai kamata furotin ɗinsa, wato sinadarin gina jiki, ya gaza kashi 22.5 cikin 100 ba, mai kada ya gaza kashi 8.5, kalsiyam kashi 1.2, fosfaras kashi 1, duk bayan an cire ruwan da ke cikin abincin. Babban kare kuwa kashi 18 na furotin da kashi 5.5 na mai sun ishe shi. Wannan tazara ita ce dalilin da ya sa buhun manyan karnuka ya fi araha, kuma ita ce dalilin da ya sa bai dace da naka ba, domin kwikwiyo, idan aka auna da nauyin jikinsa, yana ƙona kusan ninki biyu na abin da babba yake ƙonawa.

Daga nan sai jerin kayan haɗi. Ana jera su ne bisa nauyi, wanda ya fi yawa shi ne a farko. Idan ka ga kaza ko rago ko kifi, ko garin namansu, a sahun gaba, an kama hanya. Idan kuwa masara ce a farko, dusar alkama ta biyo, nama sai can ƙasa kuma ba a faɗi na wace dabba ba ne, to hatsi kake saye da kuɗin nama. Ba ina kushe hatsi ba ne, kare yana narkar da dafaffiyar shinkafa da masara lafiya lau, sai dai bai kamata su zama su ne abincin gaba ɗaya ba.

Akwai kuma wani sharaɗi da ya shafe ka kai musamman. Namijin Jaman Shefad yakan kai kilo 30 zuwa 40, don haka yana cikin manyan karnuka, tare da irin su Rotwaila da Boerboel na Afirka ta Kudu da matasa ke yayi yanzu. Ga kwikwiyon da zai kai kimanin kilo 32 ko fiye idan ya girma, AAFCO ta sa iyaka cewa kalsiyam kada ya wuce kashi 1.8. Dalili shi ne hanjin ƙaramin kwikwiyo, kafin ya kai wajen wata shida, bai iya tace kalsiyam ya ɗauki iya bukatarsa ba, duk abin da aka ɗura masa shiga yake yi, kuma yawansa yana ɓata gaɓoɓi kamar yadda ƙarancinsa ke tausasa ƙashi. A nan ne nake yawan samun saɓani da masu karnuka. Mutum zai ga ƙafa ta karkace, sai ya wuce kemis ya sayo ƙwayar kalsiyam ta mutane ya riƙa marmasawa a kan abincin da tun daga kamfani an riga an daidaita shi, yana ganin gyara yake yi. Idan ka samu buhun da aka rubuta na kwikwiyon manyan karnuka ne, kada ka ƙara masa komai sai abin da likita ya rubuta bayan ya duba shi.

Sayen buhu a Kano yana da nasa lura. Ka duba ranar ƙarewar wa'adi da lambar rajistar NAFDAC, ka kuma shafa buhun ka ji ko ya huje. Wanda ake farkewa a auna a leda kamar garin kwaki ni ba na son sa, ko da ya fi sauƙin kuɗi, domin ba ka san yaushe aka buɗe shi ba, ba ka kuma san ko na kwikwiyo ne da gaske ba. Araha dai ba ta ado. Zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke taɓa digiri 40, yana sa man da ke cikin abincin ya yi ɗoyi, laimar Agusta kuma tana kawo fumfuna. Fumfunar masara da gyaɗa tana fitar da wata guba mai suna afulatokzin wadda ke lalata hanta, karnuka kuwa suna cikin dabbobin da ba sa jure mata. Ka sayi buhun da zai ƙare cikin wata guda ko mako shida, ka naɗe bakinsa, ka sa shi cikin roba mai murfi a ɗaki mai inuwa, nesa da ƙasa.

Game da yawan ci, a wata uku sau uku a rana ya wadatar, har ya kai wata shida, sannan ka koma sau biyu. Jadawalin da ke bayan buhu mafari ne kawai, haƙarƙarinsa ne zai gaya maka gaskiya: idan ka shafa ka ji ƙasusuwan a ƙarƙashin ɗan siririn kitse, kuma ka hango ƙugunsa ya ɗan shiga idan ka dube shi ta sama, ya yi daidai. Na san mai karen gadi yana son baƙo ya gani ya ja da baya, amma kwikwiyon da aka tura wa abinci ya yi ɓul-ɓul ba ya fin ɗan'uwansa girma a ƙarshe, nauyi kawai yake ɗora wa gaɓoɓin da ba su gama ƙwari ba, kuma irin nasa dama an san su da matsalar ƙugu. Ka bar shi a kan abincin kwikwiyo har wata 15 zuwa 18. Ruwa mai tsabta kuma kada ya yanke a gabansa, musamman da yake busasshen abinci zai koma ci.

Miyar gida ka daina zuba masa daga yau. Babu miyar da za a yi a gidajenmu ba albasa, ita kuwa albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, har ka ga dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi duhu. Haka ragowar tsire da balangu mai yaji. Ka gargaɗi yara kada su ba shi cakulan ko inabi ko zabibi, ka kuma hana shi tsintar guntun goro a tsakar gida. Dafaffen ƙashin kaza yakan tsage ya zama kamar allura a cikin hanji. Madarar shanu kuma yawanci zawo take sa wa kwikwiyon da aka riga aka yaye.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni mafarauci ne daga Rijiyar Lemo, karyata ta haifi 'ya'ya biyar, yau kwana ashirin. Mu dai tun kakanni dusa da ƙanzo da kunu muke ba karnukanmu, kuma suna kamu. Ba ni da halin sayen abincin buhu. Me zan haɗa musu a gida?

Amsa: Barka kadai, Malam. Gaskiyarka, karnukanmu na gida suna da juriyar da na waje ba su da ita, kuma da yake matsakaita ne, ƙashinsu ba ya tsere da sauri irin na Jaman Shefad. Sai dai ka tuna karen da ke fita daji yana cike giɓin dusa da abin da ya kama, 'yan kwikwiyon da ke kwance a gida kuwa abin da ka zuba musu kaɗai suke da shi. Yanzu uwar ce za ka fi kula da ita, domin mai shayar da biyar tana iya bukatar ninki biyu zuwa uku na abincinta na yau da kullum. Daga mako uku zuwa huɗu ka fara gwada musu abinci mai ruwa-ruwa a faranti marar zurfi sau huɗu a rana, ka riƙa ƙara kaurinsa, a kammala yaye tsakanin mako shida da takwas. Kada ka raba su da uwarsu kafin mako takwas, ko da masu so sun matsa.

Haɗin da nake ba masu ƙaramin ƙarfi shi ne dafaffiyar shinkafa ko tuwon masara mai laushi, a haɗa da dafaffen ƙwai ko kifi ko tumbi da huhu da tsoka daga Abbatuwa, ɓangaren naman ya kai aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kwanon, a sa ɗan kabewa ko karas da ɗan man gyaɗa, ba gishiri, ba magi, ba albasa. Hanta kaɗan ake sawa, sau ɗaya ko biyu a mako. Busassun ƙananan kifi da aka daka har da ƙayarsu suka zama gari suna taimakawa ƙwarai wajen kalsiyam. Ɓawon ƙwai da aka gasa aka niƙa shi ma yana yi, amma yana da ƙarfi sosai, don haka ka bari likita ya auna maka gwargwadon nauyinsu. Kayan ciki kuwa lallai a dafa su. Huhu da hantar raƙumi, tumaki da shanu sukan ɗauki wasu ƙulle-ƙulle masu ruwa, idan kare ya ci su ɗanye sai tsutsa ta zauna a hanjinsa, ƙwanta ya fita ta kashi, kuma yana iya shiga jikin yaran gida ya yi musu irin wannan ƙulli a hanta.

Tambaya: Likita, ni matar aure ce a Rijiyar Zaki. Maigidana ya sayo wa kwikwiyonmu mai wata biyu abincin buhu mai tsada, amma tun ranar da muka fara ba shi yake zawo, ga cikinsa tulu guda, jikinsa kuma ba ya ƙaruwa. Ko jabu aka sayar mana?

Amsa: Hajiya, mai yiwuwa buhun ba shi da laifi. Hanjin kwikwiyo ba ya son sauyi farat ɗaya. Ana ɗaukar mako guda ne: kwana biyun farko kashi ɗaya cikin huɗu na sabon abinci a cikin tsohon, kwana biyu na gaba rabi da rabi, sannan kashi uku cikin huɗu, a rana ta bakwai a koma sabon gaba ɗaya. A shekarunsa sau huɗu zai ci a rana, kuma za ki iya jiƙa masa da ruwan ɗumi ya yi laushi.

Babban ciki da ramammen jiki kuwa alamar tsutsar ciki ce, wadda yawancin 'yan kwikwiyo ke ɗauka tun suna cikin uwa ko ta nono, kuma komai tsadar abinci da ita za a riƙa raba shi. Ana fara ba da maganinta daga mako biyu da haihuwa, a maimaita duk bayan mako biyu har mako 12, sannan wata-wata har wata shida, kuma da nauyin jiki ake auna shi. Ku tambayi wanda ya ba ku kwikwiyon ko an yi masa allurar rigakafin fabo, cutar amai da zawon jini ta karnuka, wadda ake farawa a mako shida zuwa takwas. Ta haukan kare kuma a wata uku ake yin ta. Idan kika ga jini a zawon, ko amai ya haɗu da shi, ko ya ƙi ci ya kwanta lakwas, to ba maganar abinci ba ce kuma, a ranar za a kai shi asibiti, domin fabo takan kashe kwikwiyo cikin kwana biyu zuwa uku.