Tambaya da Amsa: Da gaske mutum guda ya tare rundunar Jamus?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ji ana ba da labarin wani hafsan sojan ƙasa na Amurka mai suna Audie Murphy, wai shi kaɗai ya tare rundunar Jamusawa a Yaƙin Duniya na Biyu. Gaskiya ne, ko kuwa an ƙara wa miya gishiri? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Labarin gaskiya ne, sai dai masu ba da shi sukan tsallake wurin da ya fi muhimmanci.

An haifi Murphy a shekarar 1925 a jihar Texas, cikin gidan talakawa masu noman auduga a gonar wasu. Mahaifinsa ya tafi ya bar su, mahaifiyarsa ta rasu a 1941, kuma da farautar zomaye don ciyar da gida ya koyi saitin bindiga. Da ya nemi shiga soja a 1942, sai da aka ƙara masa shekaru a takarda, bayan sojan ruwa sun ƙi karɓarsa saboda ƙanƙantar jikinsa. Ya yi yaƙi a tsibirin Sisili da Italiya da kudancin Faransa, har aka ɗaga shi daga saja zuwa ƙaramin laftana a fagen fama a watan Oktoba na 1944.

Abin da kake tambaya ya faru ne ranar 26 ga Janairu, 1945, kusa da ƙauyen Holtzwihr a gabashin Faransa, cikin tsananin sanyi da ƙanƙara. Tankokin Jamus shida da dakaru masu yawa suka tunkaro rukunin sojojin da yake jagoranta, wanda a lokacin ya riga ya yi asarar yawancin mutanensa. Murphy ya umarci waɗanda suka rage su ja da baya cikin daji, shi kuwa ya tsaya da wayar tarho yana faɗa wa masu igwa inda za su auna. Wannan ne wurin da ake tsallakewa, domin ruwan wutar igwa ya yi aiki babba a ranar. Da abokan gaba suka matso, sai ya hau wata motar yaƙi da ke ci da wuta, ya kama babbar bindiga mai jigida da ke kanta, ya yi ta ɓarin wuta kusan sa'a guda duk da raunin da ya samu a ƙafa, bai sauka ba sai da harsashi ya ƙare. A ganina, wutar da ke iya hallaka shi ita ce ta kare shi, tun da hayaƙi ya ɓoye shi. Daga nan ya koma ya jagoranci mutanensa suka fatattaki maharan. Wannan ya sa aka ba shi lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka yana ɗan shekara 19.

Bayan yaƙi ya zama ɗan wasan fim, amma barci ya ƙaurace masa, har yakan kwana da bindiga ƙarƙashin matashin kai, kuma ya fito fili ya nemi gwamnati ta kula da tsofaffin sojoji masu irin wannan larura. Ya mutu a hatsarin jirgin sama a jihar Virginia ranar 28 ga Mayu, 1971, aka binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington.