Kuɗin Kwana Bakwai Muka Biya, Otal Ya Ce Na Biyu Ya Gani

Assalamu alaikum Barista, ya aiki? Don Allah a sakaya sunana.

Ni da maigidana da yaranmu biyu muka je hutu Madrid ta ƙasar Sifaniya. Tafiyar a dunƙule muka saye ta daga wani kamfanin shirya tafiye-tafiye da na gani a intanet: tikitin zuwa da dawowa, da otal na kwana bakwai. Rabin kuɗin na biya da katin banki a shafinsu. Sauran rabin kuwa, ma'aikacin da ke kula da mu ya ce in na tura ta wani asusu da ya ba ni za a yi mini ragi, wai cajin kati ne ke ƙara tsada. Na tura, ya aiko mini da rasit mai tambarin kamfanin.

Da muka isa, otal ya ce kwana biyu kawai aka kama mana, dole muka biya sauran biyar ɗin daga aljihunmu. Ranar dawowa kuma muna filin jirgi aka soke jirginmu, wai inji ya samu matsala, sai washegari da dare aka sa mu a wani. Mu muka biya wa kanmu wurin kwana da abinci. Tafiyar awa bakwai ce ba yada zango. Da muka sauka, babban akwatinmu ya fito a fashe.

Yau kwananmu huɗu da dawowa. Kamfanin ya ce ma'aikacin ya bar aiki, asusun ba nasu ba ne, kuma sharaɗinsu ya ce ba a mayar da kuɗi. Jiya kuma wani ya kira ni ya ce aikinsa ƙwato wa mutane kuɗin da aka damfare su, in na biya kuɗin buɗe fayil zai karɓo mini komai cikin mako biyu. Maigidana ya ce a bar wa Allah, ni kuwa abin yana ci mini rai. Ina da hakki ko babu?

Wa alaikumus salam Hajiya, sannunku da dawowa, Allah ya mayar da alheri.

Kina da hakki, sai dai ba a hannun mutum ɗaya yake ba, kuma nan ne mutane da yawa ke yin asara. Fushi kan sa mutum ya tattara komai ya ɗora wa wanda ya fi ba shi haushi, ya yi wata uku yana kai-kawo da shi, kafin ya waiwayo wa'adin sauran ya wuce. Abokan maganarki uku ne: kamfanin jirgi, bankinki, da kamfanin da ya sayar miki da tafiyar. Kowanne da dokarsa, kowanne da ranar da ƙofarsa ke rufewa. Saboda haka ba ta babbar asarar za mu fara ba, sai ta wadda lokacinta ya fi ƙurewa.

Akwatin ke nan. Abin da ke tafiyar da kayan fasinja a jiragen ƙasa da ƙasa shi ne Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda ƙasashe fiye da 130 suka shiga. Ta ba fasinja kwana 7 kacal daga ranar da ya karɓi kayansa ya rubuta ƙorafi idan sun lalace, kwana 21 idan jinkiri suka yi. A rubuce, ba ta waya ba. Huɗu sun riga sun tafi, shi ya sa na aika miki da wannan sashen tun ranar da wasiƙarki ta iso, ban jira fitowar amsar nan ba. Ba ki faɗi ko kin cike takardar rahoton lalacewar kaya a filin jirgi ba. In kin cike, madalla. In ba ki cike ba hakkinki bai faɗi ba, amma doka na ɗauka cewa wanda ya ɗauki kayansa ya fita shiru lafiya lau ya karɓe su, sai in ya kawo hujjar akasin haka. Ki haɗa hoton akwatin da ɗan tikitin da aka liƙa masa. Iyakar diyyar tun 28 ga Disamba 2024 ita ce 1,519 na ma'aunin kuɗin Asusun Ba da Lamuni na Duniya da ake kira SDR, ga kowane fasinja. Kada adadin ya ruɗe ki, iyaka ce ba kyauta ba. Abin da kika iya tabbatarwa kin yi asara shi za a biya, wanda a nan gyara ne ko kuɗin akwati irinsa.

Soke jirgin shi ne wurin da kika fi ƙarfi, ga alama kuma shi kika fi rainawa. Tunda daga Madrid jirgin zai tashi, dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta rufe ku, ko kamfanin jirgin na wace ƙasa ne, ko ku wane fasfo kuke riƙe da shi. Filin da aka tashi ake dubawa. Dokar ta ce idan an soke jirgi ba tare da sanarwar mako biyu ba, akwai diyyar yuro 250 a tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba, yuro 400 zuwa kilomita 3,500, yuro 600 a abin da ya haura haka. Awa bakwai a sama ya zarce kilomita 3,500 nesa ba kusa ba. Ana iya rage rabi in jirgin da aka musanya ya isa cikin awa huɗu na lokacin farko, ku kuwa sai da kuka kwana kuka wuni. Kuma diyyar kan kowane mai tikiti ce, har yara, in dai an biya musu. Ku huɗu, yuro 2,400 ke nan. Ban da wannan, ciyar da ku da ba ku masauki da kai ku masaukin duk nauyin kamfanin jirgin ne a daren nan. Tunda ku kuka biya, ki tura rasit su mayar, matuƙar abin da aka kashe bai wuce hankali ba.

Na san amsar da za su fara ba ki, domin kusan kullum ita ce: wai abin ya fi ƙarfinsu. Gaskiya ne dokar ta yafe musu diyya idan dalilin na ba-zata ne da ba yadda za su yi da shi, kamar mummunan yanayi ko rufe sararin samaniya. Amma kotun ƙolin Tarayyar Turai ta yanke tun 2008, a shari'ar Wallentin-Hermann, cewa lalacewar inji irin ta yau da kullum ba ta cikin wannan, domin kula da lafiyar jirgi ai shi ne sana'ar mai jirgi. Idan akwai saƙon da suka turo mai ambaton matsalar inji, ki adana shi kamar zinare. Kada kuma ki karɓi takardar rangwamen tikitin gaba a madadin kuɗi sai in ke kika so, dokar ba ta yarda a tilasta miki ba. Ki rubuta musu kai tsaye. In wata guda ya wuce ba amsa, ko suka ƙi, ki kai ƙorafi hukumar kula da jiragen sama ta Sifaniya, AESA, kyauta ne ba sai da lauya ba. Kin ji, ni da bakina na hana kaina aiki.

Sai banki. Kuɗin da aka biya da kati yana da hanyar komawa: kamfanonin kati irin su Visa da Mastercard suna da tsarin da bankinki zai janyo kuɗi daga hannun mai sayarwa idan bai ba da abin da aka saya ba, galibi cikin kwana 120. Wannan ƙa'idarsu ce ba dokar ƙasa ba, don haka ki tambayi bankinki wa'adinsa. Wasu ƙasashe sun ƙara da doka. A Birtaniya, sashe na 75 na dokar bashi ta 1974 ya sa bankin da ya ba da katin bashi ya zama abokin ɗaukar alhaki a sayayyar da ta haura fam 100 zuwa fam 30,000. Ki shigar da buƙatar, amma ba zan ɓoye miki ba, a nan ƙafarki ba ta taka sosai ba. Kamfanin zai ce rabin da ya shigo ta kati shi ya sayi tikiti da kwana biyun, kuma duk kun mora. Rabin da ya ɓace shi ne wanda ya bi ta tiransfa, ita kuwa tiransfa ba ta da wannan igiyar. Ba don cajin kati mutumin ya karkatar da ke ba, don ya san haka ne. Duk da haka ki sanar da bankinki yau cewa damfara ce, su tuntuɓi bankin da ya karɓa ko akwai ragowar da za a riƙe, sannan ki kai rahoto wurin 'yan sanda ki karɓi takarda. Ko ba a kama kowa ba, takardar za ta yi miki aiki a gaba.

Yanzu ga babbar maganar, wato kamfanin. Sun ba ki hujja biyu, ɗaya banza ce, ɗaya kuma tana buƙatar a zauna mata.

Ta banzar ita ce "ba a mayar da kuɗi". Wannan sharaɗi an yi shi ne domin mai saye da ya fasa tafiya don raɗin kansa. Ba ya ba mai sayarwa damar karɓar kuɗin kwana bakwai ya ba da biyu. Ke ba fasawa kika yi ba, su ne suka kasa cika alkawari, kuma da wuya ki sami alƙalin da zai karanta sharaɗin yadda suke so.

Ta biyun ita ce wai asusun ba nasu ba ne. Tambayar da kotu za ta yi ba "asusun wa ne" ba ce, a'a, "wa ya tsayar da mutumin nan a gabanki a matsayin wakilinsa". A tsarin shari'ar da ya samo asali daga Ingila akwai tsohon hukunci na 1912, na shari'ar Lloyd da ofishin Grace, Smith & Co. Wani babban akawu ya yaudari wata bazawara ta sa hannu ta mallaka masa dukiyarta, alhali shawara ta zo nema. Masu ofishin suka ce ba su sani ba, ba su ci ko sisi ba. Kotun ƙoli ta lokacin ta ce duk da haka su za su biya, domin su suka ɗora shi a kujerar da jama'a za su amince masa. Abin kunyar namu, ofishin na lauyoyi ne. To haka naki yake: in mutumin ta lambar kamfani ko imel ɗinsu yake magana da ke, su suka haɗa ki da shi, ga kuma rasit mai tambarinsu, to barinsa aiki bai wanke su ba. Raunin da ke ciki shi ne idan sunan da ke kan asusun na mutum ne ƙarara, ko kuma takardunsu sun yi gargaɗin kada a biya ta wata hanya sai tasu. Lauyansu zai ce ya kamata ki yi shakka. Wannan na iya rage miki ƙarfi, shi ya sa nake ganin sulhu mai kyau ya fi doguwar shari'a a nan.

Ki binciki inda kamfanin ya yi rajista, domin shi zai nuna dokar da za a bi da kotun da za a je. In a Tarayyar Turai yake, dokarsu ta 2015 kan tafiyar da aka sayar a dunƙule ta ɗora wa mai shiryawa alhakin kowane sashe na tafiyar, ko da wani ne ya gaza, kuma ta wajabta masa tanadin da zai kare kuɗin jama'a in ya karye. Birtaniya ma na da irin wannan, da tsarin ATOL mai kare kuɗin waɗanda suka sayi tafiyar jirgi a dunƙule idan kamfani ya karye. Kada ki ce ai kamfani ba ya mutuwa: Thomas Cook ya shekara 178 yana wannan sana'a, ya durƙushe dare ɗaya a Satumbar 2019, sai da aka kwaso 'yan Birtaniya kusan 150,000 daga ƙasashen waje. In kuma a wata ƙasa yake, dokar kwantiragi da hukumar kare hakkin masu saye ta can su ne makamanki.

Abin yi shi ne ki nemi otal ɗin ya ba ki a rubuce kwana nawa aka kama, wa ya kama, yaushe. Wannan takarda ta fi duk wata rantsuwa. Sai ki aika wa kamfanin wasiƙar neman biya, gajera, ba zagi ba barazana: ga abin da aka saya, ga abin da aka samu, ga kuɗin kwana biyar da kuka biya, ga wa'adin kwana 14. Kuɗin nan kawai za ki nema, kada ki haɗa da diyyar jirgi, ba a cin kasuwa biyu da kaya ɗaya. Kuma ki riƙe hannunki daga yayata su a intanet da kalmar "ɓarayi" kafin a gama; na sha ganin mai gaskiya ya koma shi ake tuhuma da ɓata suna. In wa'adin ya cika shiru, sai hukumar masu saye, ko kotun ƙananan ƙararraki in akwai ta, wadda kuɗinta kaɗan ne.

Maigida kuwa ki gaishe shi, ki ce masa barin wa Allah bai hana aika wasiƙa ba.

Shi kuma mai ƙwato kuɗi, kada ki ba shi ko ƙwandala, kada ki karanta masa wata lamba da banki ya turo miki, kada ki tura masa hoton kati ko na fasfo. Ba banki ko hukumar da ke kiran mutum ta ce ya biya kafin a mayar masa da kuɗinsa. Ki tambayi kanki abu ɗaya: kwana uku da saukarku, ba ki kai ƙara ko'ina ba, a ina ya sami lambarki, wa ya gaya masa an cuce ki? Ki rubuta lambar da ya kira da ita da lokacin kiran, ki haɗa a rahoton da za ki kai wa 'yan sanda.