Tsohuwar Marsandi 280 SL: in saya ko in haƙura?

Tambaya: Malam, ina maka fatan alheri. An yi mini tayin Marsandi 280 SL ƙirar 1969, mai rufin da ake cirewa. Mai ita ya ce an gyara ta tsaf, fenti sabo, kujeru sababbi. Kuɗinta ya isa in sayi jif ta zamani. Tun da na ga hotonta zuciyata ta ƙi kwanciya, amma abokaina suna cewa asarar dukiya ce. Me ka gani? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Alhaji, ba zan ga laifin zuciyarka ba, domin abin so ka gani. Wannan ita ce motar da masu sha'awa suke kira Pagoda, saboda rufinta na ƙarfe ya ɗan lotsa a tsakiya ya ɗaga a gefe, kamar rufin wuraren bauta na gabashin Asiya. An fara nuna ta a baje kolin motoci na Janiba a 1963 da sunan 230 SL, aka zo 250 SL, aka rufe da 280 SL wadda aka daina ƙerawa a 1971. Duka jimillarsu ba su kai dubu 49 ba. In ka zauna a ciki, za ka ga sitiyari siriri mai faɗi, katako na gaske a gindin gilashi, ginshiƙai marasa kauri har kana ganin hanya ta ko'ina. Ka sauke rufi bayan la'asar, injin mai silinda shida yana gurnani a hankali. Jif ba za ta ba ka wannan ba.

To amma kalmar "an gyara" ita ce inda ake cin mutane. Fenti mayafi ne. Babban ciwon wannan mota tsatsa ce, a ƙasan kujeru, da ƙarƙashin ƙofofi, da kwanon but, da bayan fitilu. Kada ka biya ko kwabo sai an ɗaga ta sama ka shiga ƙarƙashi da tocila. Ka riƙe ɗan maganaɗisu ka bi jikinta. Inda ya ƙi kamawa, an cika wurin da fila. Sai dai ka sani, murfin injin, murfin but da fatar ƙofofi na alminiyam ne tun daga kamfani, don haka can ba zai kama ba, kuma ba aibi ba ne. Ka nemi hotunan aikin tun motar tana tsirara ba fenti. Wanda ya yi gyara na Allah da Annabi, da murna zai nuna maka su. Sannan a gwada lambar shasi da ta injin da katin bayanan da kamfani ya fitar da motar da shi. In an sauya mata injin wata mota, darajarta ta faɗi ƙwarai.

Sai maganar bakanike, wadda ta fi damuna. Motar nan ba ta da kabireta, ba ta kuma da kwamfuta. Famfon Bosch ne mai aiki da ƙarafuna yake raba mata mai. Wanda bai san shi ba in ya taɓa, sai ta yi ta shan mai tana hayaƙi. Ka samo mai gyaran kafin ka samo motar. Kayanta ma ba irin wanda za ka shiga Panteka ka ɗauko ba ne, yawanci sai an yi oda daga waje da kuɗin waje.

Shawarata: in kana da motar zirga-zirga, da gareji mai rufi da zai kare ta daga rana da ƙurar hunturu, kuma kuɗin ba na makarantar yara ba ne, saya, bayan binciken da na faɗa. In ita kaɗai za ka dogara da ita, ka haƙura.

Tambaya: Akwai mai kama da ita da ba ta kai ta tsada ba?

Amsa: Akwai ƙanwarta, wadda ake kira R107, da aka ƙera daga 1971 zuwa 1989. An yi fiye da dubu 230, don haka kayanta sun fi samuwa, kuma da yawa suna da na'urar sanyaya ciki. Ita ma ka duba tsatsa, musamman a bangon da ke tsakanin injin da mazaunin direba, inda ruwa ke kwanciya.