Amsoshin masu karatu: kaba, goruba da ɗan kuka

Wani ɗan lakwal daga Mayahi ya rubuto yana cewa shi fa ya rikice, wai kaba da goruba icce ɗaya ne ko biyu, don malaminsu ya ce ɗaya ne, kakarshi kuma ta ce sam. To ɗana, duka biyun sun yi gaskiya. Tsiro ɗaya ne, amma tun yana ƙasa yana fitar da ganye kawai, wanda mata ke yankowa su saƙa tabarma da faifai da igiya, sunanshi kaba, in an bar shi ya tashi ya yi jiki ya rabu rassa biyu ya fara ɗiya, sai ya zama goruba. Ai sunan Gulbin Kaba da ya ratsa ƙasarku daga nan ya fito. Kuma ba goruba kaɗai ba, Bahaushe yana raba suna gwargwadon amfanin abu. Giginya in ta tsiro daga ƙwallo aka tono aka dafa, muruci ce. Ɗorawa icce ce, ƙwayar cikin ɗiyanta kalwa, in an dafa ta ta ruɓa ta zama daddawa, ɓawon kuma a yi makuba a shafe gini.

Wata baiwar Allah daga Tibiri ta tambayi bambancin saiwa da jijiya. Ƴar uwa, saiwa ta icce ce kawai, jijiya kuwa asalinta ta jikin mutum da dabba ce aka ara wa icce, shi ya sa mai magani a kasuwa zai ce maki ga saiwa ga sassaƙe, wato ɓawon da aka sassaƙo daga jikin icce. Icce da bishiya kuwa abu guda ne, mu nan Maradi icce muka fi cewa, Kanawa su ce bishiya.

Kututture ma an tambaye ni, shi ne gindin da ya rage bayan an sare icce, sabon ganyen da yake fitarwa kuma toho. Kar a raina kalmomin nan biyu, kansu aka gina sassabin zamani da ya faro nan jahar Maradi wajen 1983, inda manomi ba ya tumɓuke kututture, sai ya zaɓi toho mafi ƙarfi ya bari ya aske sauran, haka gonaki da dama suka sake cika da gawo da kalgo da sabara ba tare da an dasa ba. Gawo kuwa dama abokin manomi ne tunda da damina yake kaɗe ganye, hatsi ya samu rana a ƙarƙashinshi.

Sai karin maganar da aka fi kuskure, ɗan kuka mai jawo wa uwarshi jifa. Da yawa suna zaton yaro mai kuka ake nufi. A'a, ɗan iccen kuka ne, yana rataye can sama hannu ba ya kai, yara su yi ta jifa don su kaɗo shi, duwatsun kuma jikin uwar suke samu. Ana faɗinta ga yaron da ya ɗebo rigima waje aka biyo iyayenshi har gida.